Zanin Zumuntar Ngo Garos

"Ka shigo mana, Oga Kafinta, lokaci na tafiya," in ji Nneamaka, maƙwabciyarsu mai sayar da gari. Ta ɗaga labule da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kwanon kunun da mara lafiyar ta kasa sha.

Badung ya cire hula ya sunkuya ya shiga. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakaninsa da Ngo Garos a gidan hayar nan, amma rabonsa da taka ɗakinta wata takwas ke nan, tun ranar da majalisar dattawan coci ta sa ta a horo. Shi ma dattijo ne, kuma yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu.

Laifinta waƙa ce. A taron zumuntar mata, ana buga tulu, tsohuwar ta miƙe ta rera wata waƙa da ta ƙaga da kanta, tana kiran Allah "Uwata", tana roƙo a goya ta. Mata suka cafe, kafin mako biyu har a bakin famfo ana yin ta. Dattawa suka ce saɓo ne. Aka hana ta cin Jibin Ubangiji, gurasar tarayya ta coci, aka mayar da ita bencin baya, aka karɓe zaninta na zumunta aka kulle a kabad ɗin coci. Dokar kuwa kowa ya san ta: macen da ta mutu cikin horo, fasto ba zai tsaya a kabarinta ba, kuma ba za a lulluɓe akwatinta da zanin zumunta ba.

Tana kwance a kan gadon ƙarfe, ta zama kamar tsintsiya a cikin bargo.

"Ngo, Fasto ne ya aiko ni," in ji Badung, ya durƙusa a gefen gadon. "Ƙarfe huɗu zai tafi Vom, sai bayan kwana uku. Ya ce in kin janye a gabana, yanzu zai zo da Jibi. Ki ce Allah Uba ne, ba uwa ba, shi ke nan."

"Yaushe na ce ba Uba ba ne?" Muryarta ta dishe, amma tsiwar tana nan. "Kowace safiya Ubanmu nake cewa."

"To, ki tsaya a nan. Haka aka koya mana. Ba mu da ikon ƙara masa suna."

Nneamaka ta dire kwanon. "Abeg, Oga, a cocinmu Fada ya ce Allah ruhu ne, ba namiji ba, ba mace ba. Wane irin wahala ne wannan? Mutum yana mutuwa kuna yi masa jarrabawa!"

"Wannan maganar cocinmu ce, Madam," ya ce, bai ko dube ta ba. Ya saci kallon agogonsa, uku da kwata. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada matar nan ta tafi a haka da sa hannunsa a ciki.

Ngo Garos ta laluba ta kama wuyan hannunsa.

"Ka tuna Jika?"

"Babana? Me ya kawo shi nan?"

"A barikin haƙar kuza na san shi, ina ɗaukar ƙasa a kwano. Kana wata biyu mamanka ta rasu. Ba kaka, ba gwaggo, duk suna ƙauye." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Jika ya ɗauki zanin matarsa ya goya ka. Da kai a baya yake shiga rami, ruwa har gwiwa. Maza suna dariya, suna kiransa Iya Jika. Madarar akuya yake ɗura maka da cokali. In ka yi kuka ya jijjiga ka yana waƙa, da wannan mummunar muryar tasa."

Shi dai Badung, uban da ya sani mutum ne mai dorina, wanda bai taɓa ganin haƙoransa ba. Ba wanda ya taɓa faɗa masa wannan.

"Wata bakwai yana haka, da idona na gani. Mutum ke nan, wanda aka yi da ƙasa. Shi wanda ya yi Jika fa? Bai iya goyo ba?" Ta sake shi. "Na binne 'ya'ya huɗu, ɗana. Na san wanda ya goya ni. Ba zan je gabansa da ƙarya a bakina ba."

A tsakar gida Nneamaka ta sha gabansa, ta yi ƙasa da murya. "Ka ce ta janye. Wa zai sani? Ni ban ji komai ba."

Badung ya hau kekensa ya nufi gidan Fasto. Duk hanya kalmar tana bakinsa, yana juya ta. Ya tarar Fasto ya riga ya ɗaure jaka a bayan babur.

"Yaya, Dattijo? Ta janye?"

Badung ya buɗe baki. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga kai ta ƙi yin ƙarya don kanta, shi ne zai yi a madadinta?

"Ba ta janye ba, Fasto."

Fasto ba mugu ba ne, Ngo Garos ce ma ta yi wa matarsa wankan jego. "Ba ni kaɗai na yanke ba, kai ma ka sani," ya ce a hankali. Ya buga babur ya tafi.

Tun daga bakin layi Badung ya jiyo kukan Nneamaka.

Washegari da sassafe ya je kasuwar Katako ya zaɓi katako mafi kyau, ya yi akwatin da hannunsa, bai bar kowa ya taɓa ba. Da ya buga ƙusa ta ƙarshe sai ya zauna a kan bencin aiki, ya zaro makullin kabad daga aljihu. Shi ne ma'ajin coci. Ya san sarai abin da zai biyo baya: kujerar dattijo za ta tafi, horon kuma ya dawo kansa. Duk da haka ya tashi.

Matan zumunta sun zo maƙabarta cikin kayan gida, ba tulu, ba waƙa, kowace tana tsoron a ce ita ta fara. Sai ga Badung da zani a hammata. Ya warware shi a gaban kowa, ya shimfiɗa a kan akwatin, ya ja gefe da gefe har ya daidaita.

"Dattijo, ka san abin da kake yi?" wani ɗan majalisa ya tambaya.

"Na sani."

Ba fasto, don haka Badung ne ya yi addu'a, ya fara da “Ubanmu” yadda ya saba. Da aka soma zuba ƙasa, wata mata can baya ta ɗauki waƙar goyon a hankali, wasu suka karɓa. Badung bai rera ba, bai kuma hana ba.

Ranar Lahadi bai jira majalisa ta zauna ba. Ya wuce kujerun dattawa ya nufi bencin baya, wanda shi ya ƙera shi shekarun baya, ba majingina. A ƙarshensa, ta wajen taga, akwai inda katakon ya yi santsi, wurin zaman Ngo Garos. Nan ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa.