Robar Baba Munzali

Jirgin ruwan ya kwana tara a kan durom-durom a wani gareji da ke Chanchaga. Ƙungiyar manoman wani ƙauye ce ta saye shi a shekarar 1990, bayan da ruwan dam ɗin Shiroro ya raba su da hanyar kasuwa. Gobe da hantsi shugabanta zai zo da tirela, kuma an riga an gayyaci makaɗa. Abu ɗaya ya rage: Tsado, matashin da ofishin gwamnati ya turo duba jirgin, ya sa hannu a takarda cewa jirgin zai iya ɗaukar mutum talatin.

Tsado ya ƙi. Wata huɗu ke nan da gama karatunsa na kanikanci, amma a bakin kogi ya tashi, ya san yadda ake tsamo gawa. Da ya leƙa cikin jirgin, sai ya ga an haɗa sandar farfela da akwatin giya da wata roba mai kauri, irin ta babbar mota. Ransa ya ɓaci. Manyan mutane shida sun kwana tara suna kallon wannan roba, babu wanda ya tambayi dalilinta, don kawai Baba Munzali ne ya ɗaura.

Baba Munzali shi ne babban makanike, jikan Katsinawan da aikin reluwe ya kawo Minna.

"Kai Banufe, bawana," in ji shi, yana goge hannu da tsumma, "shekara talatin ina sa wannan roba. Tana shanye girgiza, tana ɓoye 'yar karkata. Wace mota ce ta taɓa kawo ƙarata?"

"Baba, me ke tura mota?"

"Ji tambayar 'yan makaranta! Tayoyi mana."

"To jirgi ba shi da taya. A mota sandar juyawa kawai take yi. A nan farfela ce ke tura ruwa, ita kuma sandar ta tura jirgin gaba ɗaya, da mutane da buhunan doya. In ana gaba, a matse robarka. In an sa ribas, a ja ta baya. Faranti biyu na ƙarfe ake so, fuska da fuska, a ɗaure da kusoshi, sanda da giya su zama abu guda."

"Injiniya ya yi huɗuba," in ji Yona direba. Aka bushe da dariya.

"Allah zai kiyaye," wani ya ƙara da cewa, yana afa ƙwayar gyaɗa a baki.

Wannan kalmar ce ta fi ƙona wa Tsado rai, domin a bakin malalata ya fi jin ta. Ya ɗauko igiya mai kauri, ya ɗaura a gindin farfela, ya miƙa wa Yona bakinta.

"Ku shida, ku ne ruwa. Direban jirgi ya zo gaɓa, ya sa ribas. Ku ja."

Suka kama suna wasa. Baba Munzali ya hau jirgin ya tsaya kusa da robarsa, hannu a ƙugu. A ja na farko robar ta miƙe kamar ƙullin alkama. A na biyu ta fara tsagewa a bakin kusoshi. A na uku sandar ta zamo baya, farfela ta daki allon ƙarfen da ke juya jirgi, ƙau! Yona ya zauna daɓas a ƙasa.

Babu wanda ya yi dariya.

"A tsakiyar dam ke nan," in ji Tsado. "Ba gaba, ba baya, ba juyawa. Da sandar ta ƙara fita, ramin da ta bari ta nan ruwa zai shigo."

Baba Munzali ya durƙusa, ya sa yatsa cikin tsagar robar, ya daɗe yana dubawa.

"Ka san abin da kake nema kuwa?" ya ce ba tare da ya ɗago ba. "In ƙarfe zai haɗu da ƙarfe, sai inji ya zauna cak a kan layin sanda. A ɗaga nan, a sauke can, har reza ta kasa shiga tsakanin farantan. Aikin kwana uku ne."

"Na sani, Baba."

"Wa zai gaya wa shugaba ya sallami makaɗansa?"

"Ni."

"Zai kai ƙararka ofis, ya ce yaro ya kunyata shi."

"Ya kai. Zan tafi da robar in nuna musu."

Tsohon ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya karɓi sifana, ya kwance kusoshin da kansa, ya jefa wa Tsado robar.

"Riƙe, ɗan ruwa. Yona, tashi daga ƙasa ka ɗauko mini wancan guntun ƙarfen na bayan ɗaki. Farantan nan ni zan yanka su, ba zan bari Banufe ya ɓata mini inji ba."

Tsado ya ɗaure robar a bayan kekensa, ya hau titi ya nufi gari neman shugaban ƙungiyar.