Ruwan Da Ya Biyo Ta Baya

Kwana tara ke nan Nilu yana hawa, kuma kwana tara ke nan duk wani namiji mai jini a jika a unguwar Hillat Sawagi ya juya wa gidansa baya ya zuba wa kogi ido. Haka suka tarar iyayensu na yi. Da zarar ruwan Habasha ya sauko kogi ya yi ja, sai a kafa taya, rumfar gadi a bakin gaɓa, a jera buhunan yashi, a rataye ganga. Mai taya kaɗai ke da ikon taɓa gangar nan. Wanda ya buga ta a banza kuwa, ya ja wa kansa gori har jikokinsa.

Sittana ce ke dafa musu gahawa, shekara talatin ba fashi. Amma bana hannunta ne kawai ke wurin dakan citta, zuciyarta tana gida. Gidan nata na ƙasa ne, shi ne a can ƙarshen gangare, kuma a ciki mijinta Khidir yake kwance kan gadon igiya tun da ɓarin jikinsa ya shanye shekara uku da suka wuce. Maƙeri ne a da. Shi ya ɗora ginin da hannunsa, shi ya ƙera ƙofar ƙarfen da ke bakinsa. Ɗansu Usama ya bugo waya daga Jidda ya ce ya riga ya samo musu ɗaki a hawa na biyar a ɗaya daga cikin benayen da ke bayan unguwa, ranar da bango ya jiƙe ranar za su tashi. Da Khidir ya ji, hawaye ya bi masa gefen fuska har cikin kunne. Sittana ta share masa, ta rantse a ranta ba za a fitar da shi daga gidan nan a ɗauke kamar kayan wanki ba.

Rana ta goma, da hantsi, gawayi ya ƙare mata, ta koma gida ɗebowa. A bakin ƙofa ta ci birki. Ruwa ne kwance a lungu, ya kai idon sawu, alhali kwana huɗu ko ɗigo bai sauka ba. Ta tsuguna ta murza shi da yatsu. Laka ce ja mai santsi, irin ta kogi. Daga ramin magudanar titi yake ɓulɓulowa, shiru, ba hayaniya. Tana cikin kallo wani ɗan kifi ya yi wutsil-wutsil ya gifta ta tsakanin ƙafafunta.

"Inna lillahi!" ta ce. "Kwarin Baba!"

Da tana yarinya, duk inda benayen nan suka yi cirko-cirko yanzu gonakin albasa ne, kuma wani kwari ya ratsa su ya faɗa kogi. Duk shekara, kafin ma a kafa taya, mahaifinta da abokansa sukan toshe bakinsa da laka da ƙaya, don in kogi ya cika ta nan yake fara shigowa. Sai Khartum ta kumbura ta taho, ta cinye gonakin. Aka binne kwarin cikin bututun siminti, aka shimfiɗa kwalta, aka ɗora benaye. Masu toshewa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya manta.

Ta cafke kifin da gefen mayafinta, ta jefa shi cikin kwanon shan ruwa, ta nufi gaɓa da saurin da rabonta da shi tun tana amarya.

Babikir, ƙanin Khidir, shi ne mai taya. Yana tsaye kan buhuna, rawani a karkace, yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi.

"Matar yaya, ina gawayin? Ko kin tsaya hira da tsohon naki?"

"Buga ganga, Babikir. Ruwa ya shigo."

Maza suka dubi buhuna, ƙeƙasassu, ko gumi ba su yi ba. Aka kwashe da dariya.

Babikir ya ce, "Ta ina ya shigo, ta jirgin sama? Famfon wani ne ya fashe, Hajiya. Je ki dafa mana gahawa, ki bar wa maza kogi."

Ran Sittana ya ɓaci ƙwarai. Ta dangwarar masa da kwanon a kan ƙafa, ruwa ya fantsama masa a jallabiya.

"To ga abin da famfon ya haifa a ƙofar gidan yayanka. Tambaye shi sunan unguwarsu! Kun ƙura wa ƙofar gaba ido kamar masu jiran amarya, ɓarawo yana shiga ta bayan gida."

Babikir ya dubi kifin, ya dubi kogi, ya sake duban kifin. Ya ɗauki sandar ganga. Amma tsoron gori ya riƙe masa hannu, bai buga ba. Sittana ta fizge sandar ta narka wa gangar duka uku, irin wanda take yi wa turmi.

Unguwa ta tashi. Ladan ya kama kira a lasifika, mata suka fito da kwanduna da shebur. Sai dai ina bakin kwarin yake? Wajen kogi ya nutse ƙarƙashin ruwa mai tafiya da itatuwa, ba mai iya shiga. Dole a tare shi ta cikin gari, kuma ba wanda ya san ta inda bututun ya bi.

"Ku biyo ni," in ji Sittana.

Ta tuna wata tsamiya da mahaifinta ke ɗaure jaki. Tsamiyar na nan, ita kaɗai ta tsira, an kewaye ta da siminti a harabar wani bene mai hawa goma. Daga gindinta ta fuskanci gabas ta fara ƙirga taku, maza ɗari a bayanta da buhuna a kafaɗa. Mai gadi ya taso zai hana, ya ga yawan jama'a ya koma ya zauna. A taku na arba'in ta tsaya a gaban wata farar mota. Ƙarƙashin motar ga murfin ƙarfe, ruwa ja yana tsartuwa ta gefensa.

Tsakanin mutanen unguwa da mutanen benaye ko sallama ba ta cika haɗa su ba. Mutanen benaye na cewa 'yan unguwa sun tsaya wa gari a maƙogwaro da gidajen laka, 'yan unguwa na cewa mutanen benaye ba su san sunan maƙwabcinsu ba. Mai motar, wani likitan haƙori da ake kira Dakta Mamun, ya sauko da silifas ƙafa ɗaya, yana faɗa. Sittana ta nuna masa gangaren da suke ajiye motoci a ƙarƙashin benen. Ruwa ya riga ya kai rabin taya.

"Hajiya," ya ce, murya ta sauka, "me za mu yi?"

"Ka fara da janye wannan akwalar, ɗana. Sannan ka kira mini duk mai hannu biyu a gidan nan."

Aka ɗaga murfi. Rami ne mai zurfin tsayin mutum, ruwa na shigowa ta bakin bututu na wajen kogi yana wucewa ta bakin da ya nufi gari da ƙarfi. Duk buhun da aka jefa sai ya shige. Aka gwada katifa, ita ma ta bi. Babikir ya fito daga ramin yana haki, laka har gemu.

"Sai da abu mai faɗi, mai nauyi, wanda ba zai lanƙwashe ba. In muka jingina shi a bakin gari, ruwan da kansa zai danne shi."

Sittana ta san abu guda ɗaya tak mai wannan siffa a duk unguwar.

"Ku je ku ciro ƙofar gidana."

Mutum shida suka kawo ta, suna nishi. Aka zura ta da igiya, Babikir da Dakta Mamun na cikin ramin har ƙirji suna daidaita ta. Ruwa ya kama ta ya maka a bakin bututun, ji kake gam! Aka bi bayanta da buhuna, aka kuma kewaye bakin ramin da wasu har tsayin ƙugu, don ruwan da ya rasa hanya ya hau ya tsaya a ciki. Layin masu miƙa buhu ya taso daga gaɓa har harabar, mai jallabiya na miƙa wa mai kwat. Wata mata daga hawa na bakwai ta sauko da tulin kisra, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa, tana ta ba da haƙuri wai gishiri ya yi kaɗan.

Kafin la'asar ruwan lungu ya daina ƙaruwa. Babikir ya zo ya tsaya gaban Sittana yana sosa ƙeya.

"Matar yaya, mun yi shawara. Daga bana taya biyu za a riƙa kafawa, ɗaya ta kalli kogi, ɗaya ta kalli gari, a nan gindin tsamiya. Likita ya ce su za su kawo rumfa. Ke ce mai ita."

"Da ganga?"

"Da ganga," ya ce. "Amma don Allah ki riƙa tausaya wa fatar."

Ta koma gida ƙafafu na ciwo. Ta dafa bango ta shafa: danshi ya hau kamu ɗaya ya tsaya, sama ƙeƙasasshe. Daɗi ya kama ta, ta zauna a bakin gadon Khidir. Ta gurbin ƙofar yana hango lungu, mutane na wucewa da shebur suna ɗaga masa hannu, har da waɗanda bai taɓa gani ba. Ya daɗe yana motsa baki kafin maganar ta fito.

"Ta... riƙe?"

"Ta riƙe, Abu Usama. Kogi guda ta tare."

Ɓarin fuskarsa mai rai ya yi murmushi.

"Kin ce... ta yi nauyi."

"Shekara arba'in ina faɗa," in ji Sittana, tana gyara masa matashi. "Yau na janye."