Tafkin da Aka Gina a Baranda

Shekara uku Munzali ya yi yana karatu a kan kifin da bai taɓa gani da rai ba. Tirawut ake ce masa, kifi ne ɗan gata da ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi da tsabta. Da datti ya kwanta a ƙasan tafki, sai ya juya ciki sama ya mutu. Jami'ar da Munzali ke koyarwa a gida ce ta turo shi Kuala Lumpur ya koyo tsara tafkunan kiwonsa, don a haƙa su a kan tsaunin Mambila. Matarsa Raudatu kuwa cewa take ba ta taɓa jin kifi mai iyayi irin wannan ba, ga tarwaɗa tana zaune a taɓo ba ta kai ƙarar kowa ba.

Saura ƙiris ya gama korona ta zo, aka kulle gari, aka garƙame ɗakin gwajinsu na Jalan Semarak. Farfesar da ke duba aikinsa ta faɗa masa gaskiya: in bai kawo sakamakon gwaji ba kafin ƙarshen wata, sai dai ya jira zaman kare digiri na shekara mai zuwa.

Wannan magana ta fi tsaya wa Raudatu a rai. Mahaifiyarta Iya tana Zariya, ciwon yana na rufe mata ido sannu a hankali, kuma ba ta taɓa ɗaukar Bashira ba, 'yarsu da aka haifa a nan shekara biyu da suka wuce. Ko a waya aka nuna mata yarinyar, sai ta ce inuwa kawai take gani. Raudatu na tsoron kada su ƙara shekara su tarar idon ya tafi gaba ɗaya.

Munzali ya ce to, tunda an rufe ɗakin gwaji, zai buɗe nasa. Ya kwashe shanya daga barandarsu a hawa na tara a Taman Melati, ya ɗauke babban bahon wanki ya huda masa ƙofa a tsakiya, ya haɗa tiyo da ɗan injin tura ruwa. Ganyen shayi shi ne ya tsaya a matsayin kashin kifi. Abin da yake nema shi ne ruwa kaɗan ya share dattin da kansa ya fitar ta ƙofar, domin rafin da za a jawo can Mambila ƙarami ne, kuma akwai ƙauyuka a ƙasa da ke sha daga gare shi.

A takarda lissafi ya fita tsaf. A baho kuwa ganyen shayi ya baje ko'ina ya yi kwanciyarsa. Kwana goma sha ɗaya ana abu ɗaya, har shayin gidan ya ƙare, maigida ya koma shan ruwan zafi da sukari yana cewa ai ya fi lafiya.

Ranar ta sha biyu da hantsi Raudatu ta fito baranda da ƙwaryarta tana rege shinkafa. Shinkafar ƙasar nan ba ta da tsakuwa ko ɗaya, amma hannunta ya saba, kuma Munzali ya sha yi mata tsiya a kan haka. Ta tsaya tana kallonsa ya dafe kai.

"Abban Bashira, ni fa ban ga laifin ganyen nan ba."

"Please Raudatu, bar ni da abin da ke damuna. Simulation ɗin da na yi a kwamfuta ya ce zai fita."

"To ai ganyen bai karanta ba. Kana zuba ruwa daga sama kamar mai cika randa, kuma bahonka ba shi da ciki, shimfiɗe yake. Me zai kai datti tsakiya?"

Ta juye shinkafar a tukunya, ta ɗebi ruwan bahon da ganyensa a ƙwarya, ta karkata bakin tiyon ya bi gefe. Ruwa ya fara zagayawa. Kafin Munzali ya gama gyara tabarau, ganyen ya taru a gindin ƙwaryar wuri ɗaya.

Ya daɗe yana kallo. Ya san zancen zagayawar ruwa, yana cikin littattafansa, amma gangaren da ya sa a zanensa kaɗan ne ƙwarai, don gudun wahalar haƙa. Sai ya ɗago a hankali.

"Maman Bashira, ƙwaryar nan... boleh, kin yarda in huda ta?"

Ƙwaryar aurenta ce, tun daga Zariya ta riƙo ta a cinya cikin jirgi. Ta ji zafin abin har cikin ranta, ta kuma miƙa masa, ta mayar masa da irin maganar mutanen garin. "Huda lah. Amma wallahi in ba mu tafi gida bana ba, kai za ka ɗinke ta."

Ya huda, ganye ya zube ta ƙasa da ruwan da bai kai rabin na da ba. Suka auna gangaren ƙwaryar da zare da abin awo, suka kwashe lakar wasan Bashira kaf suka shafe ƙasan bahon da ita, ja da kore da ruwan ɗorawa, har ya yi ciki. Bashira ta yi kuka, aka lallashe ta da ayaba. Kwana shida suna maimaitawa, shi yana rubutu, ita tana riƙe da agogo, abinci kuwa sai dai a yi tapau, wato a sayo a ƙunshe, daga shagon abincin mamak na ƙasan bene.

Ranar Litinin da safe ya sa riga mai kyau a kan zanen wanka, ya kira Farfesa ta bidiyo, ya juya kwamfuta ta kalli baho. Farfesa ta sa aka maimaita mata sau uku, sannan ta tambayi inda ya samo wannan gangare. Munzali ya fara jero sunayen masana. Raudatu ta yi gyaran murya daga bayan labule.

"Gaskiya dai, Prof, matata ce."

Farfesa ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce ya rubuta ya turo, za ta sa shi a zaman wannan wata, kuma a gaishe mata da injiniyar gidan.

Raudatu ta yi ta duba agogo har bayan la'asar, lokacin da ta san Iya ta karya kumallo a Zariya. Ta ɗora Bashira a cinya ta kira.

"Iya, an karɓi aikin. Da an buɗe hanyar jirgi muna tafe, in Allah ya yarda."

Sai ta ji Iya tana jan hanci.

"Gashinta ya isa kamu?"

"Ya isa, Iya, har ya yi yawa."

"To kada ki kai ta wurin kowa. Ki bar min shi, ni zan yi mata kitso. Wannan ko ban gani ba hannuna ya sani."