Rabon Inna Pei

Kuang Yifan ya raka Pei Guoliang bakin ƙofa ya rufe, kamar yadda aka koya masa a aji: mai karɓar gado a waje, mai yafewa a ciki. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a makarantar lauyoyi, an turo shi ofishin shaidar takardu ya koyi aiki a hannun Malama Dou, mai riƙe da hatimi. Littafin darasi kam ya haddace shi tsaf, kuma bai ɓoye wa kowa hakan ba.

Matar da ke zaune gabansa Inna Pei ce, yayar Guoliang. Ita ta yi jinyar mahaifinsu har ya cika, a gidan da yau ta zo ta bar wa ƙaninta rabonta. Da zarar hatimi ya hau takarda, ba ta da ko ƙusa a bangon gidan.

"Inna, doka ta ba ki rabin gidan nan. Kina son rabonki?"

"Kai, ɗan nan, a'a. Me zan yi da shi?"

"Ba wanda ya matsa miki? In sake tambaya, kina so?"

"Bar shi kawai. Ai shi ne namiji, ga iyali."

Ta gyara zama ta zuba masa ido. Yifan ya duba takardarsa. A yi tambaya, a tabbatar. Iyakar abin da darasi ya ce ke nan, ya kuwa yi duka biyun. Ya tura mata jar tawada. Ta ɗan jima kafin ta dangwala yatsa.

Malama Dou ta shigo da waya a kunne, ta karanta, ta buga hatimi. Guoliang ya shigo ya karɓi takardarsa, ya fita ɗauko mota.

"Sannu da aiki, babban lauya," in ji Malama Dou. "Ba baƙuwa shayi mana, ko shi ma sai an rubuta maka a littafi?"

Ya zuba ya kawo.

"Inna, ga shayi."

"A'a, kada ka wahalar da kanka."

"Ki ɗan sha."

"Na gode, na sha a gida."

Har zai janye kofin, sai tarbiyyar gidan kakarsa ta riga karatunsa. Ya sake tura mata.

"Haba Inna, ko kurɓi ɗaya."

Ta karɓa da hannu biyu, ta shanye tas.

"Tun safe ƙishi nake ji," ta ce. "Amma ai mutum ba ya karɓa tun ba a yi masa tayi na uku ba, sai ka ce mayunwaci."

Nan take Yifan ya tuna: a zancen gidan, sau biyu kacal ya tambaye ta. Ya buɗe baki, sai ga ƙarar mota a ƙofar ofis.

Inna Pei ta miƙe, ta goge jan yatsanta da gefen riga.

"Bari in je," ta ce. "Ƙanina ba ya son jira."