Cokalin Baba da Sabon Kibod

Auta ya ci amanar mahaifinsa, kuma ba a kan wani babban abin duniya ba. A kan kibod ne, allon maɓallan da ake dannawa a wasan kwamfuta. Masu cewa tsautsayi ne tausayinsa kawai suke ji. Ba tsautsayi ba ne, domin an faɗa masa.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, magana ta ɗauke masa, hannun hagu kaɗai ya rage yana motsi. Yaya, babbar 'yarsa, ita ta ɗaura masa cokalin shayi da zare a jikin gadon ƙarfen da yake kwance a kai a ɗakin ƙurya. In yana son ruwa, ko a juya shi, ko numfashi ya sarƙe masa, sai ya buga cokalin a ƙarfen gado, ƙwas, ƙwas. Wannan cokali shi ne bakin Baba.

Aka raba aiki. Da safe Yaya za ta zo ta yi masa wanka, ta ba shi magani, ta wuce shagon ɗinkinta. Matar Auta tana aiki a kantin magani, sai yamma. Tsakar rana ta Auta ce, tunda sana'arsa zanen gidaje a kwamfuta, kuma a falo yake yi. Yaya ta san ƙanenta da jarabar wasan harbe-harbe. Ba ta hana shi ba, sharaɗi kawai ta kafa masa: kada ya toshe kunnensa da komai, kada ya kunna sauti, ƙofar ɗakin Baba kuma a buɗe. Ya amsa, kuma gaskiya ya daɗe yana cikawa. Tsohon kibod ɗinsa na roba ne, shiru kamar ana taka katifa. Ko yana tsakiyar wasa, cokali na yin ƙwas zai miƙe.

Sai abokin wasansa, wanda suke kira Dogo, ya sa shi gaba da tsiya. Kullum aka cinye ƙungiyarsu, Dogo ya rubuto masa cewa laifin wannan tabarmar da yake dannawa ne, kafin maɓalli ya nutse ya taso an riga an harbe shi an binne. Ya ce manya sun koma kibod mai sifirin, wanda kowane maɓalli da nasa ƙarfen a ƙasa, kana taɓawa ya amsa. Auta ya yi ta haɗiyar zolaya, rannan dai ya shigo da kwali a hammata.

Kibod ɗin yana da nauyi, yana da kyau, fitilu na yawo a ƙarƙashin maɓallansa. Ya ɗora yatsu ya danna. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Matarsa tana ninke kaya a kan kujera. Ta saki rigar da ke hannunta ta nufi ɗakin ƙurya da sauri, ta tarar Baba yana barci. Da ta dawo ta tsaya a kan Auta, ta ce ya sake dannawa. Ya danna.

"Wannan ai muryar cokalin Baba ce," in ji ta. "Ka mayar musu da abinsu."

Ya yi dariya, ya ce to ga Baba ya samu abokin hira. Ta ce ba da wasa take ba, akwai irinsa marar ƙara, ya je ya canzo. Ya ce marar ƙara na 'yan koyo ne, kuma shi ɗan Baba ne, ko a cikin injin niƙa zai gane bugun mahaifinsa. Ya roƙe ta kada ta kai wa Yaya. Kowace safiya kafin Yaya ta iso, yakan zare sabon ya tura ƙarƙashin kujera, ya jona tsohon. Wanda ke ɓoye abu ya san abin da yake yi.

Kwanakin farko a tsorace ya yi su. Yana cikin wasa sai ya ji kamar wani ƙwas ya fito daga ƙurya, ya ture kujera ya ruga. Ya tarar Baba na kallon silin, cokali na reto a zarensa. Kafin ya dawo an kashe shi a wasa, Dogo na ta zuba masa baƙar magana. Aka yi haka, aka sake yi. A hankali ya koya wa kansa mugun darasi: duk ƙwas ɗin da ya ji, na yatsunsa ne. Tsoron da ya kamata ya riƙe, shi ya yi ta kashewa har ya mutu.

Ranar da abin ya faru, ƙungiyarsu ta kai wasan ƙarshe na wata gasa. Bayan azahar ya leƙa Baba, ya ba shi ruwa a gaggauce, bai tsaya ya ɗaga masa filo yadda Yaya ta koya masa ba. Idon tsohon ya bi shi har ƙofa.

Wasa ya yi zafi. Yatsunsa na gudu, falo ya cika da ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Can cikin ƙarar ya ji wani bugu da bai bi yatsunsa ba. Nasa sauri ne da shi, wancan kuwa a hankali, da nauyi, ana yi ana hutawa. Ya ce a ransa bari wannan zagayen ya ƙare. Zagaye ya ƙare, wani ya fara nan take, Dogo na rubuto masa kada ya kuskura ya motsa. Bugun ya dawo, ya yi sauri, ya rikice. Auta ya ƙara danna maɓallai da ƙarfi. Ba don wasan ba. Don kada ya ji.

Suka ci gasar. Ya ɗaga hannayensa daga kibod.

Shiru.

Bai taɓa jin shiru irin wannan a gidan ba. Firij na gurnani a kicin, famfo na ɗiga, ban da su babu komai. Ya kasa kunne ko gado zai yi ƙara, ko ya ji jan numfashin nan na Baba mai kama da tsagar takarda. Babu. Ya duba agogo, ya ga la'asar ta wuce. Ya kira, "Baba?" kamar wanda ya manta cewa mutumin ba ya amsawa da baki. Ya bi lungun da bango a hannunsa, yana roƙon Allah ya ji ƙwas ɗaya, guda ɗaya tak.

Gadon babu kowa. Zaren cokali ya tsinke yana lilo. A jikin ƙarfen gado, inda Baba ke bugawa, fenti ya ɓare sabo fil, ƙarfe na ƙyalli, ɓarɓashinsa a kan zanin gado.

Baba yana ƙasa, tsakanin gado da bango, fuskarsa a kife, aman da ya sarƙe shi ya jiƙa masa wuyan riga. Da ya ga bugu bai kawo kowa ba, ya ja jikinsa da hannu ɗaya don ya kifa kansa ya samu numfashi, nauyinsa ya rinjaye shi. Cokalin na cikin tafinsa, ya lanƙwashe. Auta ya durƙusa ya juyo shi, ya ɗora hannu a ƙirjinsa ya kasa gane ko yana motsi. Sai idon tsohon ya buɗe. Bai yi hawaye ba. Kallonsa kawai ya yi.

A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma abin da ya shaƙa ya shiga huhu, sai an ga yadda kwanaki za su yi. Yaya ta iso daga shago da zaren ɗinki maƙale a jikin rigarta. Auta ya fara cewa bai ji bugu ba, wataƙila Baba bai samu ƙarfin bugawa ba. Maƙwabciyarsu, wadda mijinta ya kawo su a mota, ta ce ita kam ta ji ta bango, an daɗe ana yi, amma da ta ji ƙarar na fitowa ta falo ma sai ta ɗauka gyara ake yi a gidan. Yaya ta juya ga matar Auta, wadda ita ma ta iso daga wurin aiki, ta tambaye ta wace ƙara ce a falo. Matar ta sunkuyar da kai, ta faɗi gaskiya, har da ɓoyon ƙarƙashin kujera.

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta zaro lanƙwasasshen cokalin da aka ciro daga tafin Baba aka miƙa mata, ta riƙe a gaban fuskar Auta.

"Bakinsa ke nan, Auta. Shi kaɗai ya rage masa. Ka sayo abin da zai rufe shi, ka kawo gida."

Baba ya rayu, amma bai sake zama da kansa ba. Daga asibiti gidan Yaya aka wuce da shi, da gadon da komai. Auta ya kai kibod ɗin bola, babu wanda ya ce masa sannu. Aikin zanen ma ya gagare shi, domin ko tsohon na roba ya taɓa sai ya ji bugu daga ɗakin ƙurya, ya tashi ya je ya tarar da ɗaki wayam.

Yaya ba ta barinsa shi kaɗai da mahaifinsu. Ta ɗaura wa Baba sabon cokali, yana buga wa kowa a gidan, har jikoki. In Auta ya shigo gaisuwa, tsohon yakan tura cokalin ƙarƙashin filo ya juya fuskarsa bango. Bai sake kiransa ba.