Tabon Yatsa a Bayan Dutse

Shekara goma sha ɗaya tankin kifin nan yana falo, matar gidan ba ta taɓa sa hannu a ruwansa ba. Iyakarta ta goge gilashin ta waje tana mita. Aikin maigidan ne. Shi ke auna gishiri, shi ke canza ruwa, shi ya jera duwatsun ciki ya yi ƙaramar gada da su. A ƙarƙashin gadar wani ɗan kifi rawaya ke zama, mai ƙaton kai da fuskar wanda aka ɓata wa rai. Mai Gadi yake ce masa. In ta ce abinci na hucewa, sai ya ce bari ya sallami Mai Gadi tukuna.

Wata huɗu ke nan da rasuwar maigidan. An raba tufafinsa, ƙannensa sun kwashe littattafai, wayarsa ma an goge ta an ba wani. Tankin ne kaɗai babu mai so, sai ya zama nata, ita da ta fi kowa zaginsa.

Ran nan da hantsi ta ga dutsen saman gadar ya karkace, yana rawa duk lokacin da famfon ruwa ya buso. Mai Gadi kuwa yana nan ƙasansa ya kafe, ko a jikinsa.

Autarta ta leƙo daga kicin. "Mama, ki bayar da abin nan ki huta mana."

"In ba wa? Babanki bai taɓa barin kifin nan da yunwa ba, sai a hannuna dutse zai danne shi?"

Ta ɗauki jaka ta tafi shagon masu kayan kifi, can ƙarshen gari. Mai shagon ya san maigidan. Ya yi mata gaisuwa, sannan ya miƙo mata wani gam mai kama da ƙullu, kore a waje fari a ciki.

"Ifoksi ne, Mama, cikin ruwa yake kamawa. Ki yanka, ki murza har launin ya zama ɗaya, ki danna inda duwatsun suka haɗu. Amma fa ba ya jiran kowa. Minti biyar ya zama dutse. Wannan guntun sau biyu zai yi miki."

Da ta dawo ta naɗe hannun riga, ta yanki rabi, ta murza har ya yi ɗumi a tafinta. Ta zura hannu cikin ruwan, ta laluba bayan gadar, wajen da ke kallon bango. Nan ta ji tsohon gam ɗin da maigidan ya sa, ya taurare, da wani ɗan rami a tsakiyarsa. Yatsanta ya faɗa ramin ya zauna daidai.

Ta zagaya gefen tankin ta ƙura ido. Shatin babban yatsansa ne, zane-zanen duk sun fito, har da tabon inda gilashi ya yanke shi shekarar da suka tare a gidan. Ita ta ɗaure masa yankan da ƙyalle tana yi masa faɗa. Duk gidan nan babu sauran inda hannunsa ya rage sai nan. Kuma nan ɗin ne kaɗai duwatsun biyu suka haɗu. In ta danna sabon gam, ta rufe shi har abada. In ta ce za ta ɓamɓare shi ta ajiye, gadar gaba ɗaya za ta rufta.

Ta tsaya tana kallo, ruwa na zuba daga gwiwar hannunta, hawaye na zuba daga idonta. Ba ta yi irin wannan kukan ba ko ranar da aka fita da shi. Ko da ta farga, gam ɗin hannunta ya sandare, ya tashi daga aiki.

Saura rabi.

Famfo ya buso, dutsen ya ƙara sunkuyowa. Mai Gadi ya leƙo ya dube ta da fuskar nan tasa, kamar ita ta yi masa laifi.

"Kai dai ba ka da kunya," ta ce da shi. "Har yanzu kai ake fara sallama."

Ta murza sauran. Ta gyara wa dutsen zama da hannun hagu, ta shafa ramin sau ɗaya, sannan ta ɗora gam ɗin a kai ta danna da babban yatsanta. Ta riƙe har kafaɗarta ta ƙage, har ta ji ya kama.

Auta ta fito tana goge hannu, ta sunkuya ta duba gadar ta gaba.

"Kai, Mama, kin iya! Ko alamar gyara babu, kamar ba a taɓa komai ba."

Matar ta zare hannunta daga ruwan, ta dubi yatsanta da ya yi yaushi.

"An taɓa," ta ce. "Miƙo min abincin Mai Gadi."