Inda Andrawus Ya Tsaya

Shekara talatin Abednego ya yi yana kaɗa jita a waƙoƙin wasu. Ya fara da makaɗan wani otal a Jos, daga nan ya wuce Legas, inda masu situdiyo suka gane cewa in ya saurari makaɗi sau biyu, zai iya kaɗawa da irin hannunsa. Masu kiɗan jaz sun neme shi, masu waƙar rawa sun neme shi, haka ma masu waƙar coci. Ba a cika rubuta sunansa a bayan faifai ba, kuma bai taɓa ganin an cuce shi ba. Aikin ke nan: mawaƙi yana gaba, kai kana baya kana share masa hanya. Makaɗa dai sun san shi, ko da ya dawo Kafanchan ya zauna, ba su daina aiko masa da aiki ta waya ba.

Wata ranar Talata, Scholastica ta zo gidansa daga makarantar da take koyarwa. 'Yar Andrawus ce, abokinsa tun suna yara a ƙungiyar mawaƙan coci. Andrawus kafinta ne a Fadan Kagoma, jita kuwa sai ranar Lahadi. Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa.

"Baba, akwai waƙar da babanmu ya fara ɗauka a situdiyon Gregory," in ji ta. "Ya yi rabi, ciwo ya kwantar da shi. Muna so a sa ta a coci, a sujadar cikar shekarar rasuwarsa."

"To, a sa rabin."

"Na riga na gaya wa Mama ya gama."

Abednego ya dube ta. "Me ya kai ki?"

"Ba ta cin abinci, Baba. Na rasa abin da zan faɗa mata, sai wannan ya fito. Tun ranar take tambaya ta yaushe za ta ji. Kai kaɗai ne za ka ƙarasa ba wanda zai gane."

Washegari dai ya saɓa jitarsa ya tafi situdiyon, ɗaki guda a bayan kasuwa wanda aka manna wa katifu a bango.

Waƙar ba ta da murya, jita ce kawai da 'yar ganga a ƙasa. Tana tafiya a hankali, sai a minti biyu da daƙiƙa bakwai jitar ta yanke a tsakiyar hawa, gangar ta ci gaba ita kaɗai. Abednego ya saurara sau uku, ya kaɗa. Gregory ya girgiza kai.

"Oga, ya yi kyau da yawa. Wannan kai ne."

Gaskiyarsa. Injin yankan katako ya cire wa Andrawus yatsa ɗaya a hannun hagu, wanda ke kusa da ƙaramin, tun yana saurayi. Inda wani zai ajiye wannan yatsa, shi sai ya ja na tsakiya a kan tsirkiya har ya isa wurin, don haka sautinsa yakan iso a ɗan makare, yana jan ƙafa. Abednego ya lanƙwashe nasa yatsan, ya sake gwadawa. Duk inda waƙar ta yi zafi, sai yatsan ya miƙe da kansa ya yi aikin da ya saba.

"Injin yankan katako yana nan bayan layi fa, in kana so a gama da wuri," in ji Gregory.

"Je ka sayo mini filasta, shashasha."

Ya naɗe yatsan da tafin hannunsa. Kwana uku yana zuwa da safe, yana komawa da hannu a kumbure. Kwaikwayon hannun bai ba shi wuya kamar sanin inda Andrawus ya nufa ba, domin ba wanda ya taɓa jin ƙarshen waƙar. Dole ya ƙirƙira. Ya bar jitar ta hau inda ta nufa, ya sauko da ita sannu a hankali, ya ƙare da sauti guda mai tsawo. Da suka saurara daga farko, shi kansa sai da ya duba agogon kwamfutar kafin ya gane mahaɗar. Ya san bai taɓa kaɗa abin da ya kai wannan ba.

Bayan mako guda Scholastica ta kira shi, muryarta cike da murna. Mama tana cin abinci. Ta koma zumuntar matan coci. Ƙarshen waƙar ta fi so, ta ce a nan ne mijinta yake yi mata sallama, ta ji shi sarai. Har ta gaya wa fasto za ta tashi ranar sujadar ta ba da shaida, yadda Ubangiji ya riƙe ran mijinta sai da ya gama yi mata bankwana.

Abednego ya ajiye wayar. A Legas ya sha kaɗa wa mawaƙan da ke rataya jita a dandali ba tare da an jona ta da lasifika ba. Mutane su yi rawa, su watse. Ba wanda ya taɓa ɗaukar kiɗan nan ya kai gaban bagaden coci ya sa sunan Allah a kai. Ya kuma tambayi kansa wa gaskiyar za ta amfana. Matar ta samu sauƙi. Idan ya je, nauyin da ke ƙirjinsa zai sauke ya ɗora mata. Ya juya maganar kwana biyu bai samu gefen da babu laifi ba. Ranar Juma'a ya hau babur zuwa Fadan Kagoma.

Ya tarar da Yemima, matar Andrawus, a tsakar gida tana tsaga citta tana shanyawa, wayar tana kan kujera kusa da ita, waƙar tana tashi.

"A'a, Abednego! Yau ka tuna da mu? Zauna ka ji abokinka. Kai da yatsunka cikakku ba ka taɓa yin irin wannan ba."

Ya zauna. Ya jira sai da waƙar ta ƙare.

"Maman Scholastica, ƙarshen nan ba shi ba ne. Ni ne."

Wuƙar ta tsaya a hannunta.

"Ya yi rabi ya kwanta. Ni na ɗaure yatsana na ƙarasa. Kada ki ga laifin yarinyar, tsoro ta ji."

Ta ɗauki wata cittar ta tsaga, ta tsaga wata.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

"Na tambaye ka?"

"A'a. Na ji za ki ba da shaida a coci."

"Kwana tara," in ji ta. "Kwana tara ina da shi a gidan nan. Kai ka kawo shi, kai ka zo ka ɗauke. Yanzu ka ji daɗi? Za ka yi barci?"

Kaji suna tono a gefen shanyar, ba wanda ya kore su. Can ta goge hannu da zane, ta miƙa masa wayar ba tare da ta dube shi ba.

"Nuna mini inda ya tsaya."

Ya sa waƙar. Da ta kai minti biyu da daƙiƙa bakwai ya danna, sautin ya yanke yana cikin hawa.

"Nan?"

"Nan."

"Bai ma sauko ba," ta ce a hankali. Ta karɓi wayar. "Ka gaya wa yaron situdiyon ya cire naka. Duka. Ka gaida gida."

Ranar sujadar Abednego ya zauna a bencin baya. Scholastica ta wuce shi ba ta gaishe shi ba. Bayan wa'azi fasto ya ce za a ji kiɗan marigayi, aka kunna lasifika. Jitar ta taho da jan ƙafarta, tsofaffi suna gyaɗa kai, ta fara hawa, ta yanke tare da gangar. Mutane suka waiwaya wajen mai kula da na'ura, suna zaton wuta ce ta ɗauke.

Yemima ta miƙe a layin gaba, ta dafa benci.

"Ba lalacewa ya yi ba," ta ce. "Iyakar inda ya kai ke nan."

Ta koma ta zauna. Fasto ya jira ko za ta ƙara wani abu. Da ya ga ba za ta ƙara ba, sai ya ce a sunkuyar da kai a yi addu'a.